Maciji ne, tana ce, ko ƙadangare? Fashin baƙi kan ƙadangaru marasa ƙafa

Lokaci zuwa lokaci wani ɗan bidiyo kan zagayo a Facebook da TikTok, a ga wata halitta ruwan hoda, doguwa, siririya, jikinta zobe-zobe irin na tana, amma can kusa da wuyanta ga hannaye biyu masu yatsu da farata, tana jan jiki da su a kan rairayi. Nan take sai kan jama'a ya rabu. Wasu su ce haɗin kwamfuta ne, wasu su ce maciji ne da ya zo da tawaya, wasu kuma su rantse tsutsa ce. To mece ce ita? In kuma aka ce ƙadangare ne, da me mutum zai gane ƙadangaren da ba shi da ƙafa, har ya bambanta shi da maciji?

Halittar gaskiya ce. Masana suna kiranta Bipes biporus, tana rayuwa a ƙarƙashin ƙasa a zirin Baja Kalifoniya na ƙasar Meziko, tsawonta bai cika wuce santimita 25 ba, kuma ƙadangare ce. Ita kaɗai ce idon kyamara ya fi so saboda hannayenta, amma tana da 'yan'uwa ɗaruruwa a duniya waɗanda ko hannun ma babu. Su ne ake dokewa kullum da sunan maciji, alhali ba su da dafin da zai cutar da mutum.

Ƙafa ba ita ce ma'auni ba

Mun taso da cewa ƙadangare mai ƙafa huɗu ne, maciji kuma mai jan ciki. Wannan rabon yana yi mana aiki a yawancin lokuta, sai dai masana ilimin dabbobi ba da shi suke aiki ba. Suna duba ginin ƙoƙon kai, da yadda muƙamuƙi ya haɗu, da kunne, da harshe, da tsarin ɓawon fata, sannan a zamanin nan suna kwatanta ƙwayoyin gado. Da wannan awon ne aka gano cewa macizai da ƙadangaru gida ɗaya suke, wanda ake kira Squamata, kuma macizai reshe ɗaya ne kawai cikin rassan gidan da suka rabu da ƙafa. Binciken masana ya nuna cewa irin wannan siffa ta doguwar halitta mai jan ciki ta bayyana fiye da sau 20 a zuri'o'in ƙadangare daban-daban, ba tare da wata ta gada daga wata ba. Akwai marasa ƙafa a dangin kulɓa, akwai su a dangin tsaka, akwai kuma waɗanda danginsu duk haka suke.

Abin ma ya fi haka sarƙaƙiya, domin wasu macizan suna da ragowar ƙafa. Wanda ya taɓa duba mesa da kyau zai ga 'yan ƙaho biyu ƙanana a gefen duburarta, waɗanda suka fi girma a jikin namiji. Ragowar ƙafafun baya ne. Ke nan ganin ɗan tsiron ƙafa bai isa a ce ƙadangare ne ba, rashinsa kuma bai isa a ce maciji ne ba.

Me ya sa ƙafar ke ɓacewa?

Ƙafa tana da amfani ga mai gudu a fili ko mai hawa bango. Ga wanda rayuwarsa take cikin rairayi, ko cikin ruɓaɓɓen ganye, ko tsakanin ciyawa mai kauri, ƙafa kaya ce, sai ta riƙa sarƙewa tana rage masa sauri. Irin waɗannan ƙadangaru jikinsu ne yake fara yin tsawo, ƙasusuwan baya su ƙaru, tafiya ta koma lanƙwasa dama da hagu, daga nan yatsu su ragu, ƙafa ta ƙanƙance.

Ba a ko'ina ake ganin wannan a fili kamar a jikin kulɓobin Ostireliya da ake kira Lerista ba. Nau'insu ya haura 80, kuma in aka jera su za a ga kowane mataki: mai ƙafa huɗu da yatsu biyar-biyar, mai yatsu uku, mai biyu, wanda ƙafafun gaba suka tafi na baya suka rage, har zuwa wanda babu komai. Wani bincike da aka wallafa a 2008 ya ƙiyasta cewa a wani reshe nasu ƙafa ta ɓace gaba ɗaya cikin shekaru miliyan 3.6, wanda a lissafin masana ɗan lokaci ne.

Hanya biyu ce aka fi bi, kuma sanin su yana taimaka wa mai son ganewa. Masu nutso cikin ƙasa suna da dogon gangar jiki, gajeriyar wutsiya, ƙananan idanu da kai mai tauri. Masu kutsawa cikin ciyawa kuwa idonsu garau yake, wutsiyarsu ce ke da tsawon gaske, wani lokaci ta ninka gangar jikin sau biyu.

Alamomin da ake dubawa

Alama ta farko ita ce ido. Maciji ba shi da fatar ido, wani ɓawo ne garai-garai ya rufe ƙwayar, shi ya sa ba ya ƙiftawa, ko barci yake idonsa a buɗe yake. Ƙadangaru marasa ƙafa da yawa suna ƙifta ido. In ka ga mai jan ciki ya rufe ido ya buɗe, to magana ta ƙare, ba maciji ba ne, domin babu macijin da ke iya yin haka. Haka ma kunne. Babu macijin da ke da ramin kunne a waje, amma ƙadangare yakan kasance da ɗan rami a bayan ido, kusa da ƙarshen baki.

Harshen maciji siriri ne, ya rabu biyu can ciki, kuma yana zaro shi bakinsa a rufe ta wata 'yar kafa da ke leɓen sama. Na ƙadangare mai faɗi ne, mai nama, ɗan tsagi kawai ke bakinsa, kuma yawanci sai ya buɗe baki kafin ya fito da shi. A ciki kuwa, yawancin macizai suna da layi ɗaya na ɓawo masu faɗi da suka ratsa daga gefe zuwa gefe, su ne suke kama ƙasa da su. Cikin ƙadangare layuka ne da yawa na ƙananan ɓawo, kusan irin na bayansa.

Wutsiya ce ta fi ba mutane mamaki. A jikin mai jan ciki, wutsiya tana farawa ne daga dubura, kuma ta maciji gajeriya ce in aka gwada da gangar jikinsa. A jikin ƙadangarun ciyawa sau da yawa wutsiyar ta fi rabin tsawon dabbar, kuma suna iya yanke ta su bar wa maƙiyi tana mutsu-mutsu su tsere, kamar yadda tsaka ke yi. Daga nan ne aka samo labarin macijin da ke farfashewa in an doke shi sannan ya sake haɗe kansa. Ba ya haɗewa. Sabuwar wutsiya ce ke fitowa, gajeriya, launinta ma ya ɗan bambanta. Sai muƙamuƙi: na ƙasa a bakin maciji ɓari biyu ne da jijiya mai talewa ta haɗa, shi ya sa yake haɗiye abin da ya fi kansa girma. Na ƙadangare a haɗe yake gam, dole ya tsaya kan ƙananan abinci irin su ƙwari, gara, tana da dodon koɗi.

Biyu daga cikin waɗanda aka fi sani suna cika yawancin waɗannan sharuɗɗa. Anguis fragilis na Turai, wanda masanin halittu Linnaeus ya raɗa wa suna a 1758, tsawonsa yana kai wa santimita 50, jikinsa sumul yana sheƙi, yana ƙifta ido, yana haihuwar 'ya'ya da rai, kuma yana da tsawon kwana ƙwarai: an samu wanda ya shekara 54 a gidan namun daji na Kofanhegan, babban birnin Denmark. Sai babban cikinsu, Pseudopus apodus, da ke zaune daga kudu maso gabashin Turai zuwa tsakiyar Asiya. Yana kai wa santimita 135, yana da wani tsagi da ya bi gefen jikinsa daga wuya zuwa dubura, ramin kunnensa a bayyane yake, ga kuma ragowar ƙafar baya da ba ta wuce 'yan milimita ba. Wanda ya haɗu da shi a ciyawa dole gabansa ya faɗi, amma dodon koɗi da ƙwari ne abincinsa.

Inda alamomin ke kasawa

A nan ne nake ganin yawancin bayanan da ake yaɗawa suke yi wa mutane illa, domin sukan tsaya kan cewa ƙadangare yana ƙifta ido kuma yana da kunne, sai mai karatu ya ɗauka duk wanda bai yi haka ba maciji ne. Ba haka ba ne. Ƙifta ido hujja ce cewa ƙadangare ne, amma rashin ƙiftawa ba hujjar komai ba ce.

Dubi dangin Pygopodidae na Ostireliya da Niyu Gini, masu nau'i sama da 40. Ba su da ƙafar gaba, ta baya kuma ta zama ɗan fallen ɓawo manne a gefen dubura. Ba su da fatar ido, daidai da maciji. Sai dai 'yan'uwan tsaka ne na kusa, kuma sun riƙe ɗabi'unta: suna lashe idonsu da faffaɗan harshe don su goge ƙura, suna kuma yin 'yar ƙara in an kama su, abin da maciji ba ya yi, shi sai huci. Cikinsu akwai Lialis burtonis mai dogon baki tsini, wanda ke farautar kulɓobi ya haɗiye su. Akwai kuma 'yan ƙananan Aprasia, sirara kamar tana, waɗanda ke zama ƙarƙashin duwatsu a gidajen tururuwa suna cin ƙwai da 'ya'yanta, kuma galibinsu ba a ganin ramin kunnensu. Ɗaya daga cikinsu, Aprasia parapulchella da ake samu a kewayen Kanbera, babban birnin Ostireliya, da wutsiyarsa ruwan hoda ake gane shi. A Kalifoniya ta Amurka kuma akwai Anniella, masu ƙifta ido amma babu ramin kunne.

Dangin Dibamidae sun fi kowa ɓoyuwa. Nau'insu ya haura 20, kusan duka a kudu maso gabashin Asiya har zuwa Niyu Gini, in ban da guda ɗaya, Anelytropsis papillosus, da ke can Meziko shi kaɗai. Idanunsu sun shige ƙarƙashin ɓawo, ba su da ramin kunne, hancinsu a lulluɓe yake da babban ɓawo mai tauri don haƙa. Macen ba ta da ƙafa ko kaɗan. Namijin yana da 'yan fallaye biyu kusa da dubura, ragowar ƙafar baya, waɗanda ake ganin da su yake riƙe mace lokacin barbara. Ke nan a dangi ɗaya, ƙafa alama ce ta jinsi.

Masu zobe a jiki

Mai hannayen nan ta bidiyo tana cikin wani babban rukuni da ake kira Amphisbaenia, mai nau'i kusan 200, waɗanda suka fi yawa a Kudancin Amurka da Afirka, da kaɗan a kudancin Turai, Gabas ta Tsakiya da tsibiran Karebiyan. Waɗannan sun cancanci a daɗe a kansu, domin kusan komai nasu daban ne.

Ɓawon jikinsu ƙananan murabba'ai ne da aka jera zobe-zobe kewaye da jiki, shi ya sa ake ɗaukarsu tana. Fatar ba ta manne da naman sosai ba, jikin yana zamewa a cikinta kamar hannu a cikin faffaɗan hannun riga. Dabbar takan tokare wani sashe na fatar da bangon rami, ta tura jikinta gaba a ciki, sannan ta janyo fatar. Saboda haka tafiya a miƙe take yi, kuma tana komawa da baya cikin sauƙin da take yin gaba. Haɗa wannan da wutsiya gajeriya mai dunƙulen baki da idanun da suka nutse ƙarƙashin fata, sai ka fahimci dalilin da ya sa a ƙasashe da dama ake ce musu maciji mai kai biyu. Amphisbaena alba na Kudancin Amurka, wanda ke yawan zama a gidajen tururuwa masu yankan ganye, yana ƙara wa zancen ƙarfi, don in ya ji barazana sai ya ɗaga kai da wutsiya a tare. Kai ɗaya gare shi. Da bakin da ke buɗewa ake gane gaba.

Ƙoƙon kansu dunƙulalle ne mai ƙarfi, da shi suke fasa ƙasa, kuma siffarsa tana nuna salon haƙarsu. Masu zagayayyen kai suna dukan ƙasa ne kai tsaye. Masu kai faffaɗa, irin su Monopeltis na Afirka da Rhineura floridana na jihar Filorida ta Amurka, suna cusa hanci su ɗaga ƙasar sama su danne ta a rufin rami. Masu kai mai kaifi daga sama zuwa ƙasa suna kaɗa shi dama da hagu. A cikin baki suna da haƙori ɗaya a tsakiyar gaban muƙamuƙin sama wanda ke shiga tsakanin biyu na ƙasa, suna yanke nama da shi. A cikin ƙirji kuma huhun dama ne ya ƙanƙance, alhali a yawancin macizai na hagu ne. Wannan ɗan bambancin yana cikin hujjojin da ke nuna cewa kowannensu ta hanyarsa ya kai ga wannan siffa. A 2011 aka bayyana burbushin wata dabba mai suna Cryptolacerta da aka tono a Messel ta ƙasar Jamus, mai shekaru kusan miliyan 47, wadda ke da ƙafafu da kuma ƙoƙon kai irin na masu haƙa, abin da ya ƙarfafa ra'ayin cewa danginsu na kusa su ne ƙananan ƙadangarun bango na Turai da Afirka, ba macizai ba.

Nau'i uku ne kacal cikinsu suke da hannaye, dukansu Bipes, dukansu a Meziko. Da hannayen suke fara tona bakin rami, in kai ya shige sai su naɗe su a jiki, kan ya ci gaba da aiki. A arewacin Afirka, Trogonophis wiegmanni na Maroko, Aljeriya da Tunisiya da zanen baƙi da rawaya dabbare-dabbare ake gane shi. Blanus na Sifaniya da Fotugal kuwa ruwan hoda ne zuwa ruwan ƙasa, sai an ɗaga dutse ake ganinsa.

Waɗanda ake rikita su da su

Tana ba ta da ƙashi, ba ta da muƙamuƙi, jikinta a jiƙe yake, tana miƙewa ta takure. Ƙadangare mai zobe jikinsa a bushe yake da ɗan tauri, yana buɗe baki, yana fito da harshe. Akwai kuma wasu dangin kwaɗo marasa ƙafa a ƙasashe masu yawan ruwan sama, su ma da zobe a jiki, amma fatarsu yauƙi gare ta. Sai makafin macizai, ƙanana masu sheƙi da ɗan tsini a ƙarshen wutsiya. Macizai ne na gaske, harshensu a rabe yake, amma ba su da faffaɗan ɓawon ciki, kuma ba sa cutarwa. Ɗaya daga cikinsu, Indotyphlops braminus, ya bazu a duniya cikin ƙasar tukwanen furanni, kuma dukansu mata ne, suna hayayyafa ba tare da namiji ba.

Wanda nake son mai karatu ya riƙe sunansa shi ne Atractaspis, da ake samu a Afirka kudu da Sahara da wasu sassan Gabas ta Tsakiya. Baƙi ne ko ruwan ƙasa mai duhu, yana sheƙi, kansa ƙarami ne bai bambanta da wuya ba, idanunsa ƙanana, wutsiyarsa gajeriya mai tsini. Duk siffar mai haƙa mara cutarwa yana da ita, amma maciji ne mai dafi. Haƙoran dafinsa dogaye ne, yana zaro ɗaya ta gefen baki ya soki mutum da shi ta baya ba tare da ya wage baki ba, don haka riƙe shi a bayan kai, yadda masu kama maciji suka saba, ba ya hana sara. Saransa yana kawo zafi mai tsanani da kumburi, nama ya ruɓe, wani lokaci a rasa yatsa, kuma maganin dafin da aka saba ajiyewa a asibitoci bai cika aiki a kansa ba. Ƙwararru ma sun sha saransa bayan sun ɗauke shi wani abu dabam.

A kashe ko a bari?

Mai cewa a kashe duk abin da ke jan ciki yana da hujjarsa, kuma bai kamata a raina ta ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa saran maciji yana kashe mutum 81,000 zuwa 138,000 a kowace shekara, galibinsu manoma da makiyaya da yara a karkara, nesa da asibiti. Wanda ya binne ɗansa saboda maciji ba zai tsaya leƙen ko abin yana ƙifta ido ba. Mai cewa a bari shi ma yana da tasa. Waɗannan ƙadangaru suna cin gara da tsutsotsin ƙwari da dodon koɗin da ke ɓarnar shuka, ramukansu suna buɗe ƙasa iska da ruwa su shiga, kuma babu ko ɗaya cikinsu da ke da dafin kashe mutum. Manyansu kan ciji in an matse su, iyakarta ke nan. Ƙari a kan haka, saran maciji da yawa yana faruwa ne a daidai lokacin da mutum ya matsa kusa don ya kashe ko ya ɗauka.

A ganina hujjojin biyu suna haɗuwa a wuri ɗaya. Alamomin nan na ido ne, daga nesa ko a hoton waya da aka zuƙo, ba na hannu ba ne. In an ga ƙiftawar ido ko ramin kunne, ko zobe-zoben ɓawo irin na tana (ba na launi ba) a busasshen jiki da wutsiya dunƙulalliya, ƙadangare ne, a tura shi gefe da dogon sanda ko shebur ya koma ƙasarsa. In ba a tabbatar ba, a ɗauke shi a matsayin mai dafi, a ja yara baya, kada a sa hannu. Wanda aka sara kuma a nufi asibiti da hoton abin in an samu.

Sanda ma ba ita ce babbar barazanarsu ba. Garma, gobarar daji, kwashe duwatsu da gine-gine sun fi yi musu ɓarna, domin suna tafiya da gidan gaba ɗaya. Wasu ƙasashe sun sa doka: a Birtaniya dokar kare namun daji ta 1981 ta haramta kashe Anguis fragilis da gangan, kuma Ostireliya ta sa Aprasia parapulchella da ɗan'uwansa mara ƙafa Delma impar cikin jerin masu fuskantar barazana, saboda filayen ciyawar da suke zaune sun koma gonaki da unguwanni. Wahalar ita ce dabbar da ke ƙarƙashin ƙasa ba ta ƙirguwa cikin sauƙi, kuma nau'o'i da dama an san su ne daga 'yan samfura kaɗan da ke ajiye a gidajen tarihi. A 2013, masana biyu, Theodore Papenfuss da James Parham, suka bayyana sababbin nau'o'in Anniella huɗu a Kalifoniya, jihar da aka daɗe ana binciken dabbobinta. Ɗaya daga cikinsu yana zaune ne a tudun rairayin da ke ƙarshen titin tashin jirage na filin jirgin saman Los Anjeles.